Katsina Da Maraɗi: Yadda Tsatso Ɗaya Ya Haifi 'Yan Ƙasa Biyu

A cikin watan Agustan 2023, 'yan kwanaki bayan da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Jamhuriyar Nijar, na yi wata musayar magana ta wayar tarho da ɗan goggona da ke zaune a Maraɗi, wadda har yau ba ta daina yi mini yawo a zuci ba. Na kira shi ne domin in ji jikin Goggo, wadda take kwance a lokacin, tunda an rufe kan iyaka, an kuma yanke wutar lantarkin da Najeriya ke ba su. Bayan mun gaisa sai ya ce da ni: "To ga shi ku 'yan Najeriya kun kashe mana wuta, yanzu kuma kuna shirin kawo mana yaƙi." Kafin in ankara sai na ji bakina ya ce: "Ai ku 'yan Nijar ku kuka jawo wa kanku." Taubashina ne, mun saba zolayar juna tun muna yara, amma ran nan kowannenmu ya san ba wasan taubasai ake yi ba. Muka yi sallama sama-sama, kowa ya ajiye waya.

Da na zauna ni kaɗai sai abin ya ɗaure mini kai. Mahaifina da mahaifiyarsa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Harshenmu ɗaya, addininmu ɗaya, tuwonmu da miyarmu ɗaya, tsakanin Katsina da Maraɗi kuwa tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. To daga ina wannan "mu" da "ku" suka fito, har suka yi ƙarfin da za su shiga tsakanin jini da jini? Wannan tambaya ce nake son in tattauna da mai karatu a yau, domin a nawa ganin amsarta tana da darasi ga masu cewa Najeriya ba za ta taɓa zama ƙasa ɗaya ba saboda bambancin harshe da addini.

Bari mu fara da waiwaye, wanda masu iya magana suka ce adon tafiya ne. Bayan jihadin da ya fara a 1804, sarakunan Katsina na Haɓe sun bar birnin, suka yi 'yan shekaru suna kai-komo kafin Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsu a Maraɗi. Shi ya sa har gobe ake kiran mai riƙe da wannan sarauta Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa su ma sun kafa Tsibiri a 1836, bayan yaƙin Gawakuke. Saboda haka ba zan yaudari kowa in ce kafin zuwan Turawa ana zaune lami lafiya ba; an yi yaƙe-yaƙe, an kai hare-hare, sunan Ɗan Baskore ma bai ɓace daga bakin tsofaffin Katsina ba. Sai dai biyayyar wancan zamani ga sarki take, da gari, da addini. In ka tambayi mutum ko shi wane ne, zai ce maka Bakatsine ne, ko Bagobiri, ko Badamagare. Babu wanda ya taɓa jin wani abu wai shi Najeriya ko Nijar.

Sunayen nan biyu daga kogi ɗaya aka samo su, wato Kogin Kwara da Turawa ke kira Neja. Wata 'yar jarida Baturiya, Flora Shaw, ita ce ta ba da shawarar sunan Najeriya a 1897. Layin da ya raba mu kuwa an fara zana shi ne a kan takarda a 1890, lokacin da Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga garin Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi. Aka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, musamman saboda Faransawa na neman hanyar da ke da rijiyoyi tsakanin Kwara da Damagaram. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawaga ƙarƙashin Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ta bi jeji tana kafa alamomi har 148. Ba a tambayi manomin da alamar ta raba gonarsa biyu ba. Yau wannan layi mai tsawon kimanin kilomita 1,500 ya ratsa gefen jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno.

Amma layi shi kaɗai ba ya haifar da ɗan ƙasa. Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba na jin ta taɓa furta kalmar Nijar. In za ta je duba 'yarta cewa take za ta "Faranshi", in ta dawo kuma ta dawo "Ingilishi". A wurinta ƙasa ɗaya ce da Nasara iri biyu suka raba, kamar yadda 'yan fashi kan raba kayan da ba nasu ba. Abin lura shi ne, jikokinta ne muka zama 'yan Najeriya da 'yan Nijar. Ke nan abin ya ginu ne a tsakanin zamaninta da namu, kuma da idonmu muka ga yadda aka aza tubalansa.

Tubali na farko shi ne irin mulkin da kowane ɓangare ya ɗanɗana. Ingilishi sun bi ta hannun sarakuna, suka bar musu alƙalai da baitulmali da dogarai. Faransawa kuwa kumandansu shi ne wuƙa shi ne nama. A 1906 sun tuɓe Sarkin Damagaram, suka bar gadon ba sarki mai cikakken matsayi har zuwa 1923, sannan a 1926 suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Aikin tilas bai ƙare a ƙasashen da suka mallaka ba sai a 1946, kuma ƙauyuka da dama sun yi ƙaura zuwa kudu domin gudun haraji da ɗibar soja. Mutanen da suka sha bulala iri ɗaya sukan ɗauki juna 'yan uwa, ko da harshensu ya bambanta. Bahaushen Maraɗi da Bazabarmen Dosso da Buzun Agadas sun haɗu a kan wata wahala da Bahaushen Katsina bai san ta ba.

Tubali na biyu, wanda nake ganin ya fi kowanne ƙarfi, shi ne makaranta. Ni na shiga firamare a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Kowace safiya muna tsaye a layi, a gaban tuta kore-fari-kore, muna rera taken ƙasa da Turancin da ba mu san ma'anarsa ba. A bangon ajinmu akwai taswira: Najeriya a tsakiya da launuka, abin da ke arewa da Jibiya kuwa fari fat, kamar ba kowa a can. A daidai wannan lokaci taubashina yana lakwal, a gaban wata tutar, yana kallon taswirar da ita ma ta ƙare a Ɗan Isa. Ni na haddace Legas da Inugu da Fatakwal, garuruwan da ban taɓa gani ba. Shi ya haddace Tilaberi da Difa da Bilma. Ni ina kiran mai koyar da ni malam, shi yana cewa mushe. Ranar da na fara jin wannan kalma daga bakinsa na yi dariya har da riƙe ciki, domin a wurinmu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce.

Wani masanin siyasa mai suna Benedict Anderson ya yi bayani a littafin da ya wallafa a 1983 cewa ƙasa al'umma ce da ake ƙudurta ta a zuci: miliyoyin mutanen da ba za su taɓa haɗuwa ba, amma kowannensu ya yarda cewa shi da sauran abu ɗaya ne. Ya nuna irin rawar da jarida da taswira da ƙidayar jama'a suka taka wajen dasa wannan yarda. Da na karanta shi sai na tuna mahaifina da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a 1939, da kuma akwatin rediyonsa da ba ya barin tashar Kaduna. Labaran da yake ji na majalisar Legas ne da gwamnatin Kaduna. Mijin Goggo kuwa Muryar Sahel yake kamawa, yana jin abin da Diori Hamani ya ce, daga baya kuma Seyni Kountché. Harshe ɗaya suke saurare, amma labari biyu ake ba su, kuma wanda ya ba ka labari kullum safiya shi ke gaya maka ko kai wane ne.

Sai kuɗi. Tun daga Janairun 1973 da aka sauya fam da sule zuwa naira da kwabo, kowane ɗan Najeriya yake yawo da shaidar ƙasarsa a aljihu. In naira ta faɗi, mai shayi a Daura da mai sayar da kifi a Warri tare suke kuka. Taubashina da dala da jika yake lissafi, kuma bai manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. A da can, lokacin da naira ke da ƙarfi, mu ne muke zuwa Maraɗi muna hura hanci. Da zamani ya juya, su suka riƙa zuwa kasuwanninmu suna saye kamar a ɓagas, suna yi mana dariya. Kuɗi ba ciniki kawai yake yi ba, yana haɗa ƙaddarar mutane wuri guda.

Akwai kuma abin da gwamnatoci suka gina da gangan. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 domin matasa su san juna. A Nijar, gwamnatin Kountché da ta hau mulki a 1974 ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, sannan a 1975 aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa. Duk wanda ya taɓa zama a Nijar lokacin wannan gasa ta neman takobi, wadda ke zagayawa daga jiha zuwa jiha, ya san yadda gari kan yi tsit, kowa ya kasa kunne. Kokowar da muke da ita mu ma a ƙauyukanmu, su sun mai da ita igiyar ɗaure ƙasa.

Mu tamu igiyar ƙwallon ƙafa ce. A 1996 ina hidimar ƙasa a wani ƙaramin gari a Jihar Inugu, inda ba a kirana da komai sai "aboki". Zamanin Abacha ne, raunin soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 bai warke ba, kuma ban cika sakin jiki ba. Daren da Najeriya ta farko daga ci 3 da 1 ta doke Brazil da ci 4 da 3 a gasar Olamfik ta Atlanta, bayan Nwankwo Kanu ya jefa ƙwallo biyu, wani dattijo da bai taɓa amsa gaisuwata da fara'a ba ya rungume ni yana hawaye. Ranar 3 ga Agusta muka doke Ajantina da ci 3 da 2, muka ɗauki zinare. Ikon Allah, ranar ce kuma Nijar ke bikin cika shekara 36 da samun 'yanci. Ina can ina tsalle da Inyamurai, taubashina yana can yana dashen itace tare da Zabarmawa, kamar yadda aka saba a ranar tun 1975.

Sai dai ba daɗi kaɗai ke gina kishin ƙasa ba. Ciwo ya fi saurin gina shi. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai a 1986. Abin ya zo daidai da mummunan fari, aka rasa hanyar shigar da hatsi, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Goggo takan ba da labarin yadda suka koma cin dusa da ganyaye, alhali ɗan'uwanta na da rumbu cike a nesan da bai wuce tafiyar yini ɗaya ba. A Agustan 2019 aka sake rufewa, kuma ƙofar Jibiya ba ta buɗe ba sai a 2022. Duk lokacin da aka yi haka, yaron da ke tasowa a Maraɗi yana koyon darasi ɗaya: in ta yi tsami, na kudu suna iya rufe ƙofa.

Wannan shi ya sa abin da ya faru a 2023 bai kamata ya ba ni mamaki ba. Da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, ta kuma yi barazanar amfani da ƙarfin soja, dubban mutane sun cika filin wasa na Seyni Kountché a Yamai, har da waɗanda ba su da wata ƙauna ga mulkin soja. Kalmar "zancen ƙasa ne" ta zama ruwan dare. Sojojin Faransa suka fice a Disambar 2023, Nijar ta bar ECOWAS a Janairun 2025, sannan a Maris na shekarar aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Hasali ma tun kafin juyin mulkin, a Yunin 2023, sun jefar da taken ƙasar da wani Bafaranshe ya rubuta musu a 1961. Mu kuwa a Mayun 2024 sai muka koma wa tsohon taken da wata Baturiyar Ingila ta rubuta mana. Na bar wa mai karatu ya yi alƙalanci.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba yabon juyin mulki nake yi ba, kuma ina da tsoro game da kishin ƙasar da aka gina a kan fushi da wani baƙo. Irin wannan kishi kamar wutar kara yake, yana tashi da sauri, yana haskaka ko'ina, amma in ba a sa masa itace ba sai ya koma toka. Itacen kuwa shi ne tsaro, da abinci, da makaranta, da asibiti, da 'yancin faɗin albarkacin baki ba tare da an kwana a tsare ba. Ranar da baƙon ya tafi, talaka zai waiwayo ya tambayi na gida: to yanzu ina nawa rabon? Wanda ya kasa amsa wannan tambaya yakan nemi sabon abokin gaba, kuma sau da yawa maƙwabci ne ya fi kusa. Mun ga alamar haka a Disambar 2024, lokacin da Janar Abdourahamane Tiani ya yi hira da harshen Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, zargin da hukumomin Najeriya suka musanta.

Haka kuma ba cewa nake zumunci ya mutu ba. A cikin wannan wata na Agustan 2023, Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi amincewa da batun yaƙi, malamai da sarakuna suka yi ta zarya zuwa Yamai, limamai suka yi ta addu'a a masallatai daga Kamba har Maigatari. Mutum yana iya ɗaukar riga biyu a jikinsa, ta jini da ta ƙasa, kuma hikima ita ce kada shugabanni su kai shi inda za a ce sai ya tuɓe ɗaya.

To mene ne darasinmu a nan gida? Tun a ƙarshen shekarun 1940 manyan 'yan siyasarmu, irin su Obafemi Awolowo da Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun nuna shakkunsu a fili game da ko Najeriya ƙasa ɗaya ce ta gaskiya. Har yau ana maimaita wannan magana, ana cewa haɗewar 1914 kuskure ce, wai da harshenmu ɗaya ne da mun zauna lafiya. Labarina da taubashina ya nuna mini cewa wannan lissafi bai cika ba. Ga mu nan harshe ɗaya, kaka ɗaya, amma cikin ƙarni guda an mai da mu 'yan ƙasa biyu, kowa na jin zafi in an taɓa tasa. In har ana iya raba abin da yake ɗaya ta hanyar makaranta da kuɗi da labari da wahala, to ana iya haɗa abin da yake daban-daban ta wannan hanya. Ba a haihuwar mutum da kishin ƙasa. Koya masa ake yi, kuma babban malaminsa shi ne yadda ƙasar ta riƙe shi.

A nan ne muke da aiki. Yaron da aka haifa a Sabon Garin Kano, ubansa ma a nan aka haife shi, in ya zo neman gurbin karatu sai a ce ya tafi ƙauyen kakansa ya karɓo takardar shaidar asali. Bahaushen da zuriyarsa ta shekara ɗari a Jos ko Sabon Ibadan shi ma haka. Manomin da aka kora daga gonarsa a Batsari ko Zurmi, ya sayar da shanunsa ya biya kuɗin fansa, da wane baki za ka ce masa ya tashi tsaye domin taken ƙasa? Almajirin da bai taɓa shiga aji ba, wa ya nuna masa taswirar da zai ga kansa a ciki? Sauya take ko ƙawata tuta ba zai cike wannan giɓi ba. Kowace rana ƙasa tana yin jarrabawa a shingen 'yan sanda, a gaban alƙali, a layin asibiti, kuma a can ne ɗan ƙasa ke yanke hukuncin ko tasa ce ko ta wasu.

Goggo ta rasu a ƙarshen 2023, iyaka na rufe. Ban samu jana'izarta ba. Sai da aka buɗe hanya a Maris na 2024 na tafi ta'aziyya. A Ɗan Isa wani jandarma ya karɓi takardata, ya dube ni, ya tambaye ni da Hausar da ba ta da maraba da ta kakata: "Baƙo ne, ina za a je?" Na ce masa gida za ni, gaisuwar mutuwa. Ya yi mini ta'aziyya, ya miƙo mini takardar. A ƙofar gida taubashina ya tare ni, muka riƙe hannun juna muka daɗe ba wanda ya ce uffan. Da dare, bayan mun ci tuwo a kwano ɗaya, ya soma zolayata a kan faɗuwar naira, ni kuma na tambaye shi ko mushensu na lakwal yana nan da rai. Ya tafi yana alfahari da ƙasarsa, na dawo ina jin ciwon tawa, kuma na gane cewa ba ɗayanmu da zai iya tuɓe wannan riga yanzu, ko da ya so.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, Ya ba mu shugabannin da za su sa talaka ya ce "ƙasata" ba tare da ya haɗiye wani abu mai ɗaci ba. Amin.